Ram Ɗin Yohanna da Kwaɗon Shagon Ladi

Duk wanda ya hauro shagona neman koyon aiki, nakan fara tambayarsa me ya riga ya iya. A da amsar ɗaya ce, ban iya komai ba, oga. Yanzu kuwa sai a gyara tsayuwa a ce da ni ai an iya tura ram. An kalli bidiyo a waya, wani Bature a ɗakinsa mai sanyi ya danna wuri biyu, lamba ta haura, shi ke nan an zama gwani. To, ku matso kusa. Ni Danlami, mutumin Jiwa, na fara riƙe sukundireba tun yawancinku ba su zo duniya ba, kuma har gobe ba na tura ram ɗin mutum ina hira da wani.

Don wanda bai sani ba, ram shi ne siririn faifan nan mai haƙora ruwan zinare da ake cusawa a jikin bod, wato babban faifan da komai na kwamfuta ke zaune a kansa. Shi ke riƙe aikin da kake yi a daidai lokacin da kake yin sa. Kowane ram da gudunsa, an rubuta a kwali, an kuma rubuta a 'yar takardar da ke manne a jikinsa. Tura shi, abin da kuke kira obakulokin, shi ne ka shiga bayos, inda ake yi wa bod saiti, ka umarci ram ya yi gudun da ya wuce wanda ya tashi da shi. A baki abin bai kai minti ɗaya ba.

Kwamfutar farko da aka bar ni na sa wa hannu a Tungan Maje ne, a shagon Oga Sunday, wani mutumin Filato mai gyaran rediyo da talabijin, wanda ya koma kan kwamfuta lokacin da shagunan buga takardu suka fara cika bakin titi. Daga Zuba aka kawo ta a bayan mashin, an ɗaure ta da roba kamar buhun doya. In an kunna sai ta yi ta kuka tiit, tiit, allo baƙi ƙirin. Ni a raina na gama yanke mata hukunci, bod ya ƙone. Oga Sunday dama magana tsada take yi masa. Ya miƙo mini robar goge fensir irin ta 'yan firamare, ya nuna mini haƙoran ram da haɓa. Na goge, na hure, na mayar, na danna har maƙallan nan biyu suka ce ƙas. Ta tashi. Mai ita ya yi ta sa albarka, ni kuwa na wuni ina taku kamar injiniya.

A wajensa na koyi taɓa ƙarfen akwati kafin in taɓa abin da ke ciki, da riƙe ram ta gefe ba ta haƙora ba. A zamanin, in kana so ka ƙara wa inji gudu ba bayos kake shiga ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin hulunan roba ne a jikin bod, ka cire da matsefata ka sauya musu mazauni, in ɗaya ta faɗi ƙasa ka yi ta rarrafe kana nema. Dokarsa ɗaya ce, kuma da duka a bayan hannu yake koyar da ita: abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ka canza biyu inji ya mutu, ba ka san wanne ya kashe shi ba. Shekaruna a shagonsa ban taɓa jin ya yaba mini ba, sai ranar da zan tafi ya ba ni mitarsa ta auna wuta, wadda har yanzu tana kan teburina.

Kayan aikina ba su da yawa. Sukundireba mai maganaɗisu a baki, buroshi mai laushi, mitar nan, robar fensir, da filashi ɗauke da manhajar gwajin ram. Sai wani ram guda da nake kira na amana, wanda na san lafiyarsa ciki da waje, ba na sayarwa ba ne, ba na aro ba ne. In inji ya rikice na sa shi, in ya tashi na san inda cutar take. Masu zuwa da akwatin kayan aiki mai hawa uku ina yi musu fatan alheri.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Ka sayi ram an rubuta 3200 a kwali, ka sa a bod, ka kunna. Ba zai tashi da 3200 ba. Bod ba ya sakin jiki da kowa a haɗuwar farko, sai ya riƙe ram ɗin a gudun da ya tabbata ba za a samu matsala ba, sau da yawa 2133. Wancan 3200 yana nan, kamfani ya gwada ya adana saitin a cikin ram ɗin, amma sai ka shiga bayos ka kunna shi da hannunka. Shi ne XMP da kuke ji ana faɗa. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, akwai 'yan manhajojin da ake saukewa don duba lafiyar inji, su kuma rabin lambar suke nunawa, kuma ba ƙarya suke yi ba. Ku ɗauki direban bas mai jigila tsakanin Zuba da cikin gari. Ya tafi da lodi, ya dawo da lodi: sawu ɗaya, lodi biyu. Manhajar sawu take ƙirgawa, kwali kuwa lodi yake faɗa. Don haka ram mai gudun 3200 zai nuna 1600, wanda bod ya riƙe a 2133 kuma zai nuna 1066. Mutumin da ya sayi 3200 ya buɗe ido ya ga 1066, ku gaya mini sunan da zai kira ku da shi.

Wani mai ɗakin wasannin kwamfuta a Kubwa ya taɓa ɗauko ni da motarsa. Ya tura ram ɗin injinansa gaba da abin da kamfani ya gwada, ya ga sun tashi, ya ce aiki ya yi. Da safe lafiya lau. Da rana ta take, zafin Abuja ya sauko daga kwano, sai inji ya sandare ana tsakiyar wasan ƙwallo, masu caca da juna su kama rigar juna, shi kuma ya shiga rabon faɗa. Na sauko da gudun mataki ɗaya na gwada, na ɗan ƙara wa ram ɗin wuta na sake gwadawa, ɗaya bayan ɗaya har suka zauna, kuma duk da tsakar rana na yi gwajin, tagogi a rufe. Wanda kuke kallo a bidiyo ba ya fama da zafinmu, ba a ɗauke masa wuta, bai san janareto ba. Tashin inji ba shi ne shaida ba, sai ya ɗauki aiki mai nauyi ya daɗe bai yi tuntuɓe ba.

Duk wannan sharar fage ce. Labarin da nake so ku ji na Ladi ne.

Ladi ba yarinya ba ce lokacin da ta zo wajena. Mace ce da 'ya'yanta biyu, 'yar kudancin Kaduna, tana sayar da katin waya da caja a ƙofar filazarmu ta Wuse, wato benen da shagunanmu suke. Kullum na zo wucewa sai ta tare ni da tambaya, me ya sa wayar wane take zafi, me ke cikin akwatin can da aka shigo da shi. Wata rana na ce mata in tambaya ta ishe ta ta hauro ta gani da idonta. Da wasa na faɗa. Washegari na tarar ta riga ni zuwa bakin shago. Maƙwabta suka yi ta yi mini tsiya, wai Danlami ya rasa wanda zai koya wa aiki sai mai kati. Ban kula su ba, don na ga hannunta. Hannu ne marar gaggawa, in ta kwance inji kowane noti ta san ramin da ya fito. Kuma ba ta jin kunyar cewa ban gane ba, a sake.

Da lokacin yaye ta ya yi, al'adar filaza ta taso. A wajenmu ƙungiyar masu shaguna ba ta barin sabon mai gyara ya buɗe shago sai ogansa ya miƙe a gaban shugabanni ya ce da bakinsa, na tsaya masa. Magana ce kawai, amma tana da nauyi. In aka kama wanda ka tsaya wa da ha'inci, shagonsa ya tafi, kai kuma bakinka ya mutu a ƙungiya, ba ka ƙara tsaya wa kowa. Na tsaya wa Ladi. Ta samu ɗan shago a hawa na sama, can lungu, inda sai mai nemanka yake kaiwa. A hankali aka fara nemanta.

Sai ga shekarar da dala ta haukace. Kaya suka yi tsada, masu kawo mana suka riƙa sauya farashi tsakanin safiya da yamma, kwastoma suka ɗauke ƙafa. Nakan wuni ina goge tebur mai tsabta. A irin wannan yunwar ne jabun ram ya cika gari. A ɗauko tsohon ram mai rarrafe, a ɓare takardar jikinsa, a manna sabuwa mai babbar lamba. An kama mutane, har da waɗanda muke sallah sahu ɗaya da waɗanda ba sa fashin coci. Yarda ta ƙare. Kwastoma ya fara shafa wa kayan cikin injinsa jan farce kafin ya kawo gyara, wani kuma ya tsaya a kanka yana numfashi a wuyanka har ka gama. Ƙungiya ta ga sunan filaza zai lalace, ta yanke cewa duk wanda aka kawo ƙararsa kan jabu, kwaɗo za a fara sa wa shagonsa, bincike ya biyo baya.

Yohanna mai ɗaukar bidiyon biki ne a Dutse Alhaji, dogo, mai murya, cocinsu ɗaya da Ladi. Aikin bukukuwa ya taru masa, injinsa na jan ƙafa, ya zo ta sa masa sabon ram guda biyu masu 3200. Ta kunna XMP, ta gwada, ta nuna masa lambar a bayos, ya tafi yana godiya. Bai shafa jan farce ba, don a ganinsa 'yar'uwa ce. Bayan 'yan makonni ya ga inji ya rage kuzari. Wani abokinsa ya sauke masa manhajar nan ta duba lafiyar inji, suka buɗe, suka ga 1066.

Bai hau wajenta ya tambaya ba. A ƙofar filaza ya dire injin, inda kowa ke wucewa, ya buɗe murya. Ni ina hanya lokacin, go-sulo ya riƙe ni. Ko da na iso na tarar ana ta ƙus-ƙus, masu gaishe ni suna kau da kai. Na hau sama na ga kwaɗon ƙungiya a ƙofar Ladi, ita kuma tana zaune a kan matakala, jakarta a cinya. Ba ta yi kuka ba.

"Oga, ban canza masa komai ba," ta ce.

Na tambaye ta lambar da ya gani, ta faɗa. Na tambaye ta ko ta gwada ram ɗin da kanta kafin ta sa, ko takardar jiki ta yarda da ita. Ta ce ta gwada. Hankalina ya ɗan kwanta, amma ba duka ba. A shekarar nan mai kawo kaya ma yana iya cutar ka ba ka sani ba, kuma ƙungiya ba ruwanta da wanda ya fara cutar wani, wanda ya sayar shi ke da laifi.

Aka zauna a ofishin ƙungiya bayan azahar. Ciyaman ɗinmu a lokacin Alhaji Sabi'u ne, dillalin firinta, mutum mai adalci wanda ya san kasuwa kamar tafin hannunsa, amma bayos ba gonarsa ba ce, kuma bai taɓa cewa ita ce ba. Ɗakin ya cika, wasu a taga. Yohanna ya fara, ransa a ɓace.

"Ciyaman, ni ba yaro ba ne. Matan nan ya cire original ya sa mini fake. Mun yi church ɗaya, shi ya sa ban yi marking ba. Ga number, kowa ya gani."

Ba na ganin laifinsa a kan fushin. Abin da idonsa ya gani ke nan, kuma a shekarar an cuci mutane da yawa ta wannan hanyar.

A al'ada, ogan wanda ake tuhuma shi ke yin gwaji. Aka jawo mini kujera gaban injin, aka miƙo mini sukundireba. Na tsaya ina kallon kujerar. Na san in na zauna, da yardar Allah zan fito da lambar. Amma na san filazarmu. Za a ce tsohon hannu ne, Danlami ya yi dabararsa ya rufa wa yarinyarsa asiri. Za a cire kwaɗo, amma daga ranar duk mai hawa sama da inji zai tsaya a shagona, ba zai ƙarasa lungu ba. Shagon da aka buɗe a haka da rufaffe duk ɗaya ne.

"Alhaji, aikinta ne," na ce. "Ita za ta zauna."

Alhaji Sabi'u ya dube ni ta saman tabarau. Ya tuna mini cewa in ta kasa ba za a ba ni dama ta biyu ba, kuma bakina zai tafi tare da shagonta. Na ce na ji. Ladi ta kalle ni kallon da ban iya fassarawa ba, ta zauna. Ni kuma na koma benci na baya.

Ba ta karɓi sukundireba ba. Ta ce Yohanna ya buɗe akwatin da hannunsa, kowa ya leƙa ya ga ram ɗin, sannan kada wanda ya ƙara taɓa ciki, har da ita. Wannan ba ni na koya mata ba. Ta kunna, ta shiga bayos, ta nuna musu 2133, XMP kuma a kashe. Ta ce rabin wannan shi ne 1066 da ya gani. Wani mai sayar da caja ya yi dariya daga taga, ya ce to ai 2133 ɗin ma ba shi aka saya ba. Ta ce gaskiyarsa, a ba ta lokaci. Ta kunna XMP, ta adana saitin, inji ya mutu don ya sake tashi.

Allo ya yi baƙi, ya zauna a baƙi.

Ga abin da bidiyonku ke yankewa. In ka sauya wa ram gudu, bod sai ya zauna da shi sun daidaita, ya gwada nan ya gwada can. Fankar cikin inji ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa. Allo ba ya nuna komai, kamar inji ya mutu. Wani bod ɗin yakan yi haka ma duk lokacin da wuta ta yanke masa gaba ɗaya. In ka katse shi yana cikin wannan aiki, ka sake katsewa, sai ya ɗauka saitin ne ya gagara, ya watsar da shi ya koma gudunsa na tsira. Ni na san haka, Ladi ta sani. Sauran ɗakin baƙin allo kawai suke gani.

Fanka ta tsaya, ta tashi. Ƙus-ƙus ya fara. Wani ya ce ta kashe wa mutum inji ma. Bod ɗin ya daɗe fiye da yadda nake so, kuma in ram ɗin jabu ne haka zai yi ta yi har ya gaji. Hannuwana suka riƙa ƙaiƙayin in karɓi aikin. Sai da na zauna a kansu duka biyun, ni da furfurata.

Yohanna ya yi tsaki ya miƙa hannu wajen soket ɗin bango. "Haka yake yi mini a gida. Sai an kashe an kunna."

Ladi ta miƙe ta tsaya tsakaninsa da bangon. Ba ta ɗaga murya ba.

"Brother Yohanna, yaushe yake yi maka haka?"

"In an kawo wuta, ko in na juya zuwa gen."

"Sai ka kashe daga bango?"

"Eh mana. In kashe, in kunna, in kashe, har ya kawo wani rubutu, in danna abin da ya ce, ya wuce."

"To yau ka bar shi."

Ya janye hannu, ba don ya yarda ba, sai don Alhaji ya yi gyaran murya. Muka ci gaba da kallon baƙin allo. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ji kamar an yi sallar la'asar an dawo. Sai injin ya ce tit, ƙara ɗaya gajeriya, allo ya kawo haske. Ta shiga bayos. 3200.

Ni dai na san da saura. Yohanna ya ce bai yarda da bayos ba, a buɗe manhajar abokinsa. Aka buɗe, ta nuna 1600. Ɗaki ya sake rikicewa, ga shi nan, rabi ne. Ladi ta yi musu bayanin sawu da lodi dalla-dalla. Wasu suka gyaɗa kai, amma da yawa ba su saya ba, kuma ina fahimtarsu. A shekarar da kowane macuci ke da bayani mai daɗi, wa zai yarda da mai cewa ka ninka abin da ka gani sau biyu?

Sai ta juya ga Alhaji Sabi'u ta roƙi aron laftof ɗinsa. Duk filaza an san laftof ɗin nan. Da kansa ya sayo ta a kwalinta a wata tafiya da ya yi waje, ba mai gyaran da ya taɓa kwance ta, kuma kwalin na nan a saman kabad yana alfahari da shi. Aka sauko da kwalin, aka karanta gudun ram ɗin da ke rubuce: 2400. Ta sa manhajar, ta juya masa allon ya karanta da bakinsa. Ya gyara tabarau, ya matsa, ya ce 1200. Ya sake duba kwalin.

"To ni kuma wa ya cuce ni?" ya ce.

Dariya ta ɓarke har da masu taga. Ladi ba ta yi dariya ba. Ta ce ba a gama ba, tashi ba shaida ba ne. Ta sa Yohanna ya ɗora wa injin bidiyon biki mafi nauyi da yake da shi, aka bar shi yana haɗawa a ɗakin nan mai zafi da cunkoso, aka je aka yi la'asar aka dawo. Inji bai yi ko tari ba, ya gama aikin tsaf. Daga baya Yohanna ya ce, a hankali, shi ya ɗauka taimaka wa injin yake yi da yake kashe shi.

Alhaji ya yanke hukunci. A cire kwaɗo yanzu, Yohanna kuma ya je ƙofar filaza, daidai inda ya tsaya da safe, ya faɗi abin da ya gani. Ya je ya faɗa, ban rage masa ba, sai dai muryar yamma ba ta kai ta safe ba, kuma rabin waɗanda suka ji ta safen sun riga sun tafi gida. Ladi ta ba shi shawara ya nemi batirin ajiyar wuta, in allo ya yi baƙi kuma ya ba shi lokaci. Da aka buɗe shagon ta shiga ta ɗauki tsintsiya ta fara shara, ko da yake ba abin sharewa. Na tsaya a ƙofa. Ba ta juyo ba ta ce, "Oga, da ka zauna a kujerar nan, da gobe na koma sayar da kati." Na ce na sani. Na sauko da sauri, don idona ya fara yi mini abin da ba na so a gani.

Kada ku ɗauka komai ya dawo daidai washegari. Akwai kwastomomin da ba su sake hawa wajenta ba har yau, labarin farko suka ji, na biyun bai same su ba. Ta sha wuya a sauran shekarar kamar kowa, ta ma fi kowa. Amma masu shaguna sun ga abin da suka gani, kuma su ne ke nuna wa baƙo hanya in ya shigo da inji a ka.

Kwanakin baya wata rigimar ram ta sake tashi tsakanin wani dillali da kwastomansa. Na ji hayaniyar daga shago, na jawo jakar kayan aikina, don shekara da shekaru in irin wannan ta taso ni ake kira. Masinjan ƙungiya ya hauro, ya gaishe ni da ladabi, ya wuce sama. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Na mayar da jakar ƙarƙashin tebur. Jim kaɗan sai ga Ladi a ƙofata, filashi a hannu, ta ce an kira ta, ko in zo mu je tare. Na ce ta je, ina da aiki.

Ba ni da wani aiki. Da ta sauka na ja ƙofa na bi bayanta, na tsaya a taga cikin 'yan kallo. Tana ciki tana magana, ɗaki ya yi tsit. Ina ta miƙa wuya, sai wani sabon mai shago da bai san ni ba ya ɗan matsa mini, ya ga tsoho na son gani.

"Baba, Madam Ladi ke nan," ya ce. "Duk filazar nan ba wanda ya san ram kamar ta. In kana da matsalar inji, wajenta za ka kai, kada ka bari kowa ya taɓa maka."

Na ce masa na gode, in sha Allahu wajenta zan kai.